Guɗar da Ban Yi wa Saje Ba

Da na buɗe bakina a filin makarantar nan ranar Litinin ɗin Ista, da Saje yana zaune a ƙofar ɗakinsa yanzu yana yi mini tsiya? Ban sani ba. Na tambayi kaina a kan tabarma, na tambaya a coci, na tambaya a bakin kabarinsa. 'Yata ta fari, wadda take aikin jinya a Birnin Kebbi, ita ta san amsa, ta ce da yana nan. Matan zumuntar coci ma sun sani, sai dai su ba sa faɗa a gabana. Ni da na zauna da shi tun gashina yana baƙi, ban sani ba. Ban yi karatu ba, maƙwabciyata ce take rubuta wannan, kuma na ce mata kada ta sassauta mini magana don a ji tausayina. Kuka ina yi, kullum ina yi. Amma ba na roƙon kowa gafara a kan abin da ya faru a filin nan.

Saje mijina ne. Da muƙaminsa na soja kowa yake kiransa, har ni. A wajenmu saurayi ba ya samun mata sai ya yi golmo, wato shi da abokansa su yi wa uban yarinya noma shekara da shekaru. Saje ya fara nasa a gonar babana. Bai gama ba yaƙin basasa ya tashi, aka zo ɗibar soja a Zuru, ya ajiye garma ya bi mota. Ƙannensa ne suka ƙarasa masa. Har babana ya bar duniya, in ya hango shi sai ya ce, “Ga surukina da ya ga gona ta yi faɗi ya gudu wurin bindiga.” Saje yakan yi dariya, amma na san abin yana sukarsa.

Yaƙi ya kashe masa kunnen hagu, na dama kuma ya rage rabi. Da wannan rabin ya koyi jita mai amfani da lantarki a bariki, bayan an daina harbi. Kiɗan rok suke ce wa abin da shi da abokansa suke yi. Ranar da na fara ji na toshe kunnena, na ce wannan ai kukan injin niƙa ne da dutse ya shiga. Sannu a hankali na gane akwai magana a ciki.

Suna da waƙoƙinsu da kowa ya sani. Amma a tsakiyar waƙa mai rerawa yakan yi shiru a bar wa Saje fili. Sai ya rufe ido, ya saki hanyar da suka koya tare, ya kama wata da ba wanda ya taɓa ji, shi kansa bai taɓa ji ba. Mai ganga da mai bes, wato jitar nan mai kaurin murya, sai su bi bayansa ba su san inda za shi ba. In ya hau su hau, in ya juya su juya. Yawo suke ce wa wannan. Mutane don yawon suke zuwa, ba don waƙar ba.

Matsalar ita ce Saje bai san dawowa ba. Ido a rufe, kunne a mace, ba ya ganin alama, ba ya jin kira. Mai gangarsu, wani kofur mutumin Wasagu, ya taɓa jifansa da sandar kiɗa a ƙeya, Saje ya ɗauka ƙuda ne. Wata rana suna wasa a wani bikin bariki, ina tsaye a bakin shingen waya da goyon 'yata ta fari. Ya tafi yawo, ya daɗe, har na ga kafaɗun Kofur sun fara zubewa. Ni kuwa kiɗan ne ya kai mini har wuya, ban san lokacin da na kama hancina na rangaɗa guɗa ba. Saje ya buɗe ido kamar an watsa masa ruwa, ya juyo, ya sauko kan waƙar daidai inda ya bar ta.

Da aka tashi Kofur ya zo ya durƙusa a gabana, gumi na zuba. Ya ce, “Mama, daga yau kin shiga aikin soja. Ko ina za mu, da ke za mu.”

Haka kuwa aka yi. Muryata siririya ce, ita kaɗai take ratsa wannan rabin kunnen. Wasu matan sun gwada, ko motsi bai yi ba. Na koyi aikin kamar yadda mace take koyon sauke tuwo. Ina duba kafaɗun mai ganga, ina duba ƙafafun masu rawa, ina duba wuyan Saje in jijiya ta tashi. In na kira da wuri, ya yi kwana biyu yana cin abinci ba ya kallona. In na makara, Kofur ya kwana da man zafi a hannu. Wani lokaci a hanyar gida Saje yakan ce, “Kin katse ni, saura kaɗan na kai.” In ce, “Ka kai ina?” Ya ce, “Ina zan sani, tunda ba ki taɓa bari na je ba?”

Da ya yi ritaya muka dawo Zuru. Kofur ma ya baro Wasagu ya dawo cikin gari daga baya, lokacin da noma a can ya zama sai da tsoro. Mai bes ne ba su da shi, har Saje ya je sayen tayar babur a shagon wani Ibo kusa da kasuwa, ya ga jita rataye a bayan kanta. Oga muke ce masa, shi ya zama mai bes ɗinsu. Da hira ta yi hira suka gano a yaƙi suna gaba da juna, watakila ma a daji ɗaya. Tun daga nan ba su daina tsokanar juna ba.

“Kai ka kashe mini kunne,” in ji Saje.

“Da ni ne na harba, da ba kunne kaɗai ba,” in ji Oga. “Saje, kai soja ne ko mai gyaran rediyo? Wayar nan ta uku ta sauka, ja ta.”

“Ka ji shi, Mama? Mutumin da Hausarsa ma ba ta da tayar baya, shi zai gyara mini waya.”

Sun yi wasa a bukukuwan aure, a taron tsofaffin soja, a filin makaranta lokacin Kirsimeti. Wasu dattawan coci ba sa so, suna cewa kiɗan gidan giya ne. Saje yakan ce shi bai taɓa ganin jita ta sha komai ba.

Sai ciwo ya zo. Hawan jini da farko, daga baya zuciya. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga. 'Yata ta zo ta jera magunguna a kan taga, ta hana gishiri, ta hana gona, ta hana babur, ta ɗauki jitar ta ɗora a kan sif inda hannunsa ba zai kai ba sai ya taka kujera. Ba mugunta ba ce. Tana son ubanta, kuma ta ga irin ciwon a asibiti fiye da yadda ni na gani. Amma ni nake gidan. Ni na ga mutumin da ya yi faretin soja ya koma zaman ƙofar ɗaki yana korar kaji da sanda. Baƙi su zo gaishe shi, su tsaya a kansa su tambaye ni, “Ya ci abinci? Ya yi barci?” kamar shi ba ya wurin. Ya daina tsokanar Oga. Yatsunsa kawai nake gani suna tafiya a kan gwiwarsa, ba sauti. Damina biyu muka yi a haka.

Ana saura 'yan makonni Ista, samarin unguwa suka shirya wasa a filin makarantar firamare. Da rana za a yi, don yanzu ba mai tara jama'a bayan faɗuwar rana. Sun samo wani tsohon kiɗan su Saje a wayoyinsu, suka zo suka ce suna so tsofaffin su hau dandali. Da suka tafi Saje ya ja kujera zuwa gindin sif. Na ce, “Sauka kafin ka karye.” Na hau na sauko masa da ita.

Labari ya kai Birnin Kebbi kafin ya gama sa wa jitar sababbin wayoyi. 'Yata ta kira. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta ce a ba ta Oga, ta yi masa nasa. Da ta ga ubanta ba zai janye ba, sai ta ce a ba ni.

“Mama, ki saurare ni da kyau. Waƙa ɗaya, a zaune, a inuwa. In ya rufe ido ki kira shi nan take. Zuciyar Baba ba za ta ɗauki yawon nan ba. Ke kaɗai yake ji. Kin yi mini alkawari?”

Na ce, “To.”

Kuma da gaske na faɗa. Da wannan niyyar na ɗaura zanena ranar.

Zafin da ake yi kafin ruwan farko ne, irin wanda ko ɗan tsako yake buɗe baki. An haɗa bencina an shimfiɗa katako, an kafa rumfa, janareta yana ta ƙugi a bayan aji. Filin ya cika: matan kasuwa, 'yan acaba da suka jingine baburansu, sojojin da suka zo hutu, tsofaffi a gindin darbejiya. Samari suka yi nasu, suka yi tsalle-tsalle. Sannan aka kira tsofaffi. Mutum biyu suka tallafi Saje ya hau, aka zaunar da shi a kujerar roba, silifas a ƙafa saboda kumburi. Na ji wata a bayana ta ce, “Wayyo, da sun bar bawan Allah ya huta.” Na tsaya a gefen dama na dandalin, wajen kunnensa mai rai, inda na saba tsayawa.

Oga ya matso makirufo ya ce, “Jama'a, ku yi haƙuri da mu. Mu uku in aka haɗa haƙoranmu ba za su cika baki ɗaya ba.” Aka yi dariya. Kofur ya buga sanda, suka shiga.

Da farko Saje ya kuskure wuri ɗaya, Oga ya rufe masa. Suka yi baiti na farko, suka yi na biyu. Oga, da yake shi ke rerawa, ya tsayar da waƙar ya ja da baya. Saje ya rufe ido.

Na kai hannu hancina. Na ja numfashi.

Sai na ji abin da ya fara bugawa. A hankali yake, sauti ɗaya, ya tsaya, sauti ɗaya, ya tsaya, kamar saran garma a ƙasa mai laima. Kofur ya ɗaga kai ya dube shi. Shi ma ɗan gona ne, ya gane kafin ni. Ya bar kiɗan da suke kai, ya sauko kan babbar ganga, ya kama bugun da ake yi wa 'yan golmo in sun jeru a bakin gona. Oga bai taɓa riƙe garma a ƙasarmu ba. Ya ɗan yi lalube, ya saurara, sannan ya sami gindin abin ya zauna a kai, dum, dum, bai ƙara gusawa ba. A kan wannan Saje ya fara hawa.

Ban taɓa jin ya bi ta nan ba. Duk shekarun da na yi ina tsaye a gefensa, yawonsa na bariki ne, na garuruwan da ya gani. Ranar nan gida ya nufa. Jitar tana kiran layi kamar mai ba da waƙa a gona, tana jira, ganga ta amsa. Ta sake kira da ƙarfi. Tsofaffin da ke gindin darbejiya suka miƙe. Wani mai sanda ya jefar da sandar ya duƙa yana saran iska, na kusa da shi ya bi, kafin ka ce me sun yi layi suna tafiya a duƙe cikin filin makaranta, yara suna ihu. Samarin da suka zo da wayoyi suka manta da su a hannu.

Sai Saje ya tashi tsaye. Ba wanda ya taimake shi. Ya tura kujerar da ƙafa ta faɗi. Ya karkata kai yadda yake yi, jijiyar wuyansa ta tashi, rigarsa ta jiƙe har ƙugu. Jitar ta daina kira ta fara kuka, ta yi sama, ta ƙara sama, ta karye ta gangaro, ta sake tashi.

Oga ya juyo ya kalle ni. Bai daina bugawa ba, amma idonsa yana cewa, Mama, yanzu. Kofur ma ya kalle ni. Mata da yawa a filin suna ta guɗa, ta ko'ina, amma na san ba ya jin ko ɗaya. Tawa yake ji. Hannuna yana kan hancina, numfashina a cike, maganar 'yata tana kunnena kalma bayan kalma. Na ga leɓɓansa sun canja launi. Ba wai ban gani ba. Na gani sarai.

Na sauke hannuna.

Mutumin da ke tsaye a kan katakon nan shi ne wanda na aura. Na yi damina biyu ban gan shi ba. In na kira shi, zai buɗe ido, ya dawo kan waƙa, a tallafe shi a sauko da shi, a mayar da shi ƙofar ɗaki wurin kaji, kuma na san ba za a sake ba shi jita ba. Tun ina da goyo nake katse shi saboda hannun Kofur, saboda masu rawa, saboda manyan baƙi suna son tafiya. Ranar nan na ce a raina, yau kowa ya jira.

Na girgiza wa Oga kai. Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya ya duƙa a kan bes ɗinsa. Kofur ya cije leɓe ya ci gaba, tsoho da shi, hawaye da gumi sun haɗu a gemunsa.

Ban san tsawon lokacin ba, ban duba rana ba. Abin da na sani, a karo na farko a rayuwarsa Saje ya dawo da kansa. Kukan jitar ya yi ta raguwa, ya koma saran nan na farko, ɗaya, ɗaya, kamar mutum ya kai ƙarshen gona yana gyara bakin layi. Ya buga na ƙarshe ya bar shi ya mutu da kansa. Ya ɗora tafin hannu a kan wayoyin. Ya buɗe ido, bai kalli jama'a ba, ya juyo dama yana nemana.

Filin ya ɗauki ihu. Ni ko tafi ban yi ba, na zauna a ƙasa.

A gida ya ce tuwon dawa yake so da miyar kuka, kuma in sa gishiri kamar na mutane. Na sa. Oga da Kofur suka zo, suka zauna a tsakar gida. Oga ya ce, “Saje, ka kusa kashe ni. Wane irin kiɗa ne wannan, ba birki?” Saje ya ce, “Na surukina ne. Kai dai ka iya bin baya, shi ya sa muka ci ku.” Suka yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

Kwana kaɗan bayan haka numfashi ya fara yi masa wuya. Ba ya iya kwanciya sai a jingine. Muka kai shi asibiti, aka sa masa abin shaƙar iska, aka kira 'yata. Kafin motarta ta iso ya riga ya shiga barcin da bai farka ba.

Bayan an binne shi, mutane sun watse, ta same ni a ɗaki. Ta zauna a bakin gado, ba ta kalle ni ba.

“Mama, an ce Baba ya tashi tsaye. An ce ya daɗe.”

“Ya daɗe.”

“An ce mata suna ta guɗa. Kin kira shi bai ji ba ne?”

Ƙofa ce ta buɗe mini, na sani. Tana so in ce e, ta samu inda za ta ajiye fushinta, mu rungumi juna mu yi kuka. Filin ya cika da guɗa ranar, ba wanda zai iya rantsewa tawa ba ta ciki. Oga da Kofur ba za su taɓa tona ni ba.

Na ce, “Ban kira shi ba. Na ɗaga hannu na sauke.”

“Kin yi mini alkawari, Mama.”

“Na yi. Da kin ga ubanki a tsaye, ke ma da kin sauke.”

“Da na gan shi a tsaye da na hau na ƙwace jitar!”

Ta tashi ta fita. Har yau tana aiko mini da magani da abinci, tana kira ta tambayi ƙafata, amma ba ta ƙara kwana a gidan nan ba. Wannan yana ci mini rai fiye da maganar matan zumunta, waɗanda suke yin shiru in na shigo. Ina kewar 'yata. Ina kewar Saje har wani lokaci nakan zuba tuwo a kwano biyu. Jitar tana jingine a inda yake zama, ban mayar da ita kan sif ba, kuma ba mai mayar da ita muddin ina numfashi. In 'yata ta karanta wannan, ina so ta san ban yi mata ƙarya ba, ko da yake an ba ni izinin yi.

Shi ya ba ni. Da safen ranar da ya tafi, ana jiran motar Birnin Kebbi, ina zaune a gefen gadon asibiti ina yi masa fifita. Ya janye abin iskar daga fuskarsa, ya kama bakin zanena ya jawo ni kusa. Muryarsa ta kusa ƙarewa, amma idon nan na tsiya yana nan. Maganar da ya yi mini a nan ita ce ta ƙarshe, bai ƙara ce wa kowa komai ba.

Ya ce, “Yarinyar nan za ta tasa ki gaba. Ki ce mata kin yi guɗar, ni ne ban ji ba.”